Kwalaben Da Na Cire Daga Kularka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata mota ta sauke ka Kano lafiya, kai da jakarka da takalman ƙwallonka. Allah ya sa ka isa masaukin 'yan wasan da rana a sama, ya haɗa ka da abokan arziki, ya tsare ka daga sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ummanka tana gaishe ka. Tun da ka fara haɗa kaya take share tsakar gidan da ta riga ta share.

Na san abin da kake yi yanzu. Ka samu wuri ka keɓe, ka zaro ƙaramar kular nan da ka tura ƙasan jaka ka rufe da tawul, ka buɗe. Maimakon ƙanƙara da 'yan kwalabe da sirinji, ka tarar da takardu a naɗe da ƙuli-ƙuli guda biyar. Ƙuli-ƙulin na Ummanka ne, ka ci. Kwalaben kuwa ni na ɗauke, lokacin da ka tafi yi wa kakarka sallama. Kada ka zargi ƙanwarka Hafsa. Ita dai littafin makarantarta na yage na yi wannan rubutu, kuma ba ta sani ba tukuna.

Ka yi fushinka, ba laifi. Amma ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Ka san ba zan iya gaya maka wannan ido da ido ba. Duk Kazaure babu wanda bakina ya bari. Na taɓa sauya wa ladanin unguwarmu takalma na bar masa ƙafar hagu biyu, kuma har yau in ya gan ni sai ya rungume takalmansa. Amma kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka. Shekara goma sha tara ke nan, in zan yi maka magana sai in kalli bango in ce, “A gaya wa wancan ya rufe ƙofa,” alhali kana tsaye gabana. Ina da shekara ashirin aka haife ka, baƙi har ɗauka suke ƙanena ne kai, amma kunyar nan ba ta rage ba. To takarda ba ta da ido. Yau zan yi magana.

Kwana huɗu da suka wuce Ummanka ta kira ni kicin, ta buɗe babbar kular da take sa zoɓon sayarwa, ta nuna mini leda a ƙarƙashin ƙanƙara.

Ta ce, “Malam, duba abin da yaron nan yake ajiye mini cikin sana'a.”

'Yan kwalabe biyar ne, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Huɗu da farin gari a ciki, ɗaya an riga an zuba mata ruwa, ta yi rabi. Babu sunan kamfani, sai wata 'yar takarda da aka manna da haruffa da lamba. Ga siraran allurai a gefe.

Na ce, “Turare ne ya saya miki, yana jin kunyar ba ki.”

Ta ce, “Ka bar wasan nan. Sati biyu ke nan yana cin tuwon mutum uku, ya tashi yana neman ƙari. Da safe yana yarfe hannu kamar wanda kunama ta harba. Jiya na ga yana kokawa da safar hannunsa ta ƙwallo, ta ƙi shiga.”

A nan na bar wasan. Ni ma na ga yarfe hannun, na ɗauka atisaye ne irin na masu tsaron raga.

Na san abin da ya kai ka. Ranar da mutanen ƙungiyar nan suka zo kallon wasanku, ina bayan raga na ɓuya a cikin masu rake, don kada ka gan ni. Na ji abin da mai jar hular nan na cikinsu ya ce: “Golan nan yana da ido, yana da zuciya. Da dai ya ƙara ɗan tsawo.” Sun ɗauke ka duk da haka, amma kai rabin maganar na ƙarshe ka ɗauko ka taho da shi gida. Daga nan wani a wajen ɗaga ƙarfe ya ce maka yana da maganin abin.

Gajartar nan tawa ce, ni na ba ka, ba aro ka yi ba. Kuma kafin kai na yi mata hidima. Ina ɗan sha bakwai wani ya ce mini in mutum ya yi lilo a reshe da nauyi a ƙafa zai miƙe. Na je bayan gari na ɗaura bulo biyu a idon sawu, na kama reshen tsamiya. Reshen ya biyo ni ƙasa. Ban ƙaru da komai ba sai ƙulu a goshi. Da na fara zuwa zance wajen Ummanka kuma, kwali nake yankawa in cusa a takalmi, ninki huɗu. Wata rana ruwan sama ya kama ni a hanya, kwalin ya jiƙe, na isa ƙofar gidansu ina tafiya ƙafa na ƙara kamar ana tauna rake. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Yau kuma ka ga ka rage.” Ashe tun ranar farko ta sani. Ta aure ni a hakan. Abin da nake so ka gane shi ne, mutanen da za su ɗauke ka sun riga sun auna ka da idonsu kafin su ce to. Masu ƙwallon nan ba makafi ba ne. Sun ga tsawonka, suka ce ka zo.

Wannan wautar ta yarinta ce, ba ta cuci kowa ba. Ta gaba ita ce ta allura.

Ka taso ka same ni ina sayar da dusa da harawa, ba ka san na taɓa kiwon raguna a turke ba. Bayan na sauke Alƙur'ani, kawuna ya ɗora ni a kan sana'ar. Mu sayo ramammun raguna a karar Babura watanni kafin Babbar Sallah, mu ɗaure, mu yi ta ɗura musu dusa da kowar wake, in Sallah ta matso mu fitar. Sana'a ce ta haƙuri, ni kuwa ba ni da shi. A bakin karar akwai masu baza magungunan dabbobi a tabarma cikin rana, wasu an shigo da su ta kan iyaka, rubutun jikinsu ba wanda ke iya karantawa. Wani ya nuna mini wata kwalba ya ce, “Wannan in ka yi wa rago, sati biyu mai shi ma ba zai gane shi ba.”

Na ce, “Nawa ake ja?”

Ya ce, “Ka dubi ragon, ka ja daidai shi.”

Ma'aunin ke nan, Abba. Ido. Na yi wa raguna uku, suka kumbura suka yi sheƙi, har maƙwabta na leƙowa. Sai na ce a raina, in kaɗan ya yi haka, ninki biyu fa? Na zaɓi wani farin rago mai baƙin kunne da na fi so, na ninka masa. Kwana shida ya kwanta yana nishi, muka yi saurin yanka shi. Da aka feɗe, ruwa ne ya yi ta zuba. Abin da na ɗauka ƙiba ce ashe kumburi ne. Naman ko kare sai da ya yi shawara.

Ka riƙe wannan. Duk wanda ya miƙo maka abin da za ka tsira wa jikinka, ka tambaye shi wa ya auna, da me ya auna, a jikin wa aka gwada. In amsarsa ita ce “haka ake yi,” ko “a waya na gani,” to mai tabarmar Babura ne ya sake riga. Kuma jiki ba ya gane lissafin ninki. Ranar da ka ga kamar abu yana aiki, ranar ce zuciya za ta ce ka ƙara.

Da ragon nan ya zama ƙarshen labarin, da na gode Allah. Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ɗa ba.

Ka san Baba Sule, mai gyaran takalmi a bakin tasha, wanda yake ɗinke maka safar hannu duk lokacin da ta yage, bai taɓa karɓar ko sisinka ba. Ka san yadda yake jan ƙafar dama. Kun sha tambayarsa kuna yara. Wata rana ya ce raƙumi ne ya harbe shi, wata rana ya ce daga jirgin sama ya faɗo, wata rana ya ce aljana ce ta so shi ya ƙi. Duk ƙarya yake yi, kuma don ni yake yin ta.

Sule ɗan Roni ne, tare muka yi karatun allo. Ɗan kokawa ne a lokacin, siriri amma kamar igiyar rijiya. In kaka ta yi aka buga gangar kokawa, daga Roni har Gwiwa ana sanin ya shigo fili. Abu ɗaya ke damunsa, rashin nauyi. Manya sukan ɗaga shi sama kafin ya samu ƙafarsu. Wata ranar kasuwa ya biyo gidanmu da hantsi, ya tarar da ni ina yi wa raguna allura. Ya tsaya yana kallon yadda suka cika.

Ya ce, “Hamisu, wannan abin yana yi wa mutum?”

Ni kuwa ka san ni. Na gyara fuska na ce, “Mutum ma ya fi karɓa. Kana ganin ƙaton nan na Gwiwa da ya kayar da kai bara? Ai ni nake masa. Da can kamar sillen kara yake.”

Ya ce, “Rantse.”

Ban rantse ba, dariya na yi, shi kuwa ya ɗauki dariyar a matsayin rowa. Ya yi ta roƙo. Niyyata in tsikare shi kaɗan ya yi tsalle, in samu labarin da zan yi ta ba samari a dandali, in riƙa kiransa Ragon Layya. Iyakar abin da na hango ke nan. Na ce ya juya ya kama turke. Allurar da na cire daga jikin rago, ita na goge a gefen rigata, na ja maganin da ido, na caka masa a ɗuwawu.

Ya yi tsallen kuwa. Ya ce wani abu kamar wuta ya tsarga masa har tafin ƙafa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Shi ma ya yi, yana ɗingishi yana zagina.

Kwana uku wurin ya kumbura ya yi zafi. Na ce masa maganin ne yake aiki, ƙiba daga nan take farawa. Wallahi haka na ce masa, don tsoro ya kama ni. Na hana shi gaya wa kowa. Na riƙa gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi a ɗakin kawuna, ina ba shi labarai don ya yi dariya. Kwana tara muna ɓoyewa. Ranar ta goma zazzaɓi ya rufe shi har ba ya gane ni, sai na goya shi a keke na kai shi asibiti ina kuka. Aka tsaga wurin, aka kwashe abin da ba zan rubuta ba. Rai ya tsira. Amma allurar ta taɓa jijiya, ga ruɓar da muka bari ta yi kwanaki. Ƙafar ta saki. Sule bai sake shiga fili ba.

A lokacin Ummanka tana da cikinka wata bakwai.

Da yayyensa suka zo daga Roni suna tambayar wanda ya yi masa allura, ina tsaye a bakin gado. Sule ya ce, “Wani mai yawo da magani ne a kasuwa, ban san shi ba.” Bayan sun fita na durƙusa zan yi magana, ya ce, “Tashi, gajere. In aka ɗaure ka, wa zai riƙa ba ni dariya?”

Ban san yadda ake biyan irin wannan ba. Na bar kiwon raguna a shekarar. Tsokana dai ban iya bari ba, halitta ce, amma tun daga ranar wasana bai sake taɓa jikin mutum ba.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga ɗakin kawun nan. Allura ba wasa ba ce, ko siririya ce kamar gashi. Ƙofa ce kake buɗewa a jikinka, duk abin da ke bakinta shiga zai yi. A masaukin da kake yanzu za ka ga samari suna miƙa wa juna abubuwa kamar yadda ake miƙa goro. Wanda ya ce ku yi amfani da allura ɗaya, ko ya ce zo in yi maka na iya, ka tuna ni ma na ce na iya. Sannan ɓoyo. Allurar minti ɗaya ta ɗauka, amma kwana taran nan su suka cinye ƙafar. Duk ranar da ka ga wani wuri a jikinka ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya, ka tafi asibiti a ranar, ka faɗi gaskiyar abin da ka yi. Faɗan likita ba ya gurgunta mutum.

To, mu dawo kan kwalabenka. Da Ummanka ta nuna mini su, ka san abin da ya fara zuwa mini? In zazzage garin in zuba maka garin rogo, in zuba ido in ga kana auna kanka a jikin ƙofa. Har na fara murmushi. Sai na ga turken nan a idona, da Sule ya juya baya. Shekara kusan ashirin, ashe shaiɗanin yana nan yana jira. Na yi istigfari, na sa kwalba ɗaya a aljihu na tafi wajen Sista Rahila.

Ka san ta, nas ɗin nan 'yar Filato da ta yi ritaya, mai sayen zoɓon Ummanka duk Lahadi in ta taso daga coci. Abin da ba ka sani ba, ita ce ta yi ta wanke ciwon Sule a wancan lokaci, tana aiki a asibitin. Ita kaɗai ta gane ƙaryar mai yawo da magani, don ta ga yadda nake kuka. Na ajiye mata kwalbar a tebur, ta sa tabarau, ta juya ta, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, “Malam Hamisu, kai da allura kuma? Wa za ka gurgunta mini bana?”

Na ce, “Sista, wannan karon ba ni ba ne. Gado ne ya bayyana.”

Ta daina dariya. Ta karanta haruffan, ta duba wayarta, ta kira wani likita da suka yi aiki tare, suka yi magana da Turanci. Sannan ta yi mini bayani da Hausa, ni kuma ga shi yadda na riƙe.

Ta ce ana kiran irinsu feftayid. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutum akwai wata 'yar tsoka da ke sakin sinadarin girma, kaɗan-kaɗan, a lokacin da jiki ya ga dama. Wannan garin aikinsa ya je ya tsikare ta ta saki fiye da yadda ta yi niyya. Na ce, “Ashe ɗan tsokana ne irina.” Ta ce, “Irinka sak, shi ma ba ya sanin inda wasansa zai tsaya.” Ta ce yawan cin da kake yi, da kumburin hannu, da jin kamar ana tsira maka ƙaya a yatsu, duk an san shi da su. Yana kuma iya hargitsa sukarin jini, ga shi kakarka da ciwon sukari take fama, abin yana gidanmu.

Na tambaye ta, to nawa ne daidai, ko yawa ka yi? Ta ce tambayar ba ta da amsa. Irin wannan da ake sayarwa a ɓoye ba a amince a yi wa lafiyayyen saurayi shi ba, balle a ce ga ma'auninsa. Kuma kwalbar da ba ta da sunan wanda ya yi ta, ba wanda zai rantse abin da aka rubuta shi ne a ciki, ko yawansa, ko tsabtarsa. Ta ce abu ne da ake aunawa da ƙanƙantar da ido ba ya gani, kuskure kaɗan ya zama ninki goma. Ga shi yana son sanyi, kuma Allah kaɗai ya san ranar da ya sha a mota kafin ya iso kular zoɓo.

Sai na yi tambayar da na san ita ce taka. Na ce, “Sista, bar batun haɗari. Zai ƙara masa tsawon?”

Ta ce, “Shekararsa nawa?”

Na ce, “Sha tara.”

Ta kama hannuna ta nuna mini wuyan hannu. Ta ce ƙasusuwan yaro suna da wani wuri mai taushi a bakinsu, ta nan suke miƙewa. In aka balaga wurin yakan rufe, kuma a shekarunka yawanci ya riga ya rufe. In ya rufe, ko tulu guda aka ɗura wa mutum ba zai ƙara ko faɗin farce ba, sai dai hannu da ƙafa su kumbura. Ragona mai baƙin kunne ke nan, Abba. Ta ce akwai yaran da da gaske jikinsu ba ya sakin sinadarin, su likita ke ganowa da gwajin jini da hoton ƙashi, ya ba su maganin gaskiya yana bibiyarsu. Wannan daban, abin da ɗan wajen ɗaga ƙarfe ya miƙo maka daban.

Ta ƙara da wadda ban sani ba. Ta ce a harkar wasanni haramtacce ne, in ƙungiya ta yi nisa ana gwada fitsarin 'yan wasa, wanda aka samu da shi dakatar da shi ake yi. Wato abin da ka saya don ka tsaya a raga, shi ne zai iya fitar da kai daga fili gaba ɗaya.

Sauran kwalaben da alluran ma wajenta zan kai su, ta ce ta san yadda ake zubar da su ba tare da wani yaro ya tsinta a bola ba. Saƙonta gare ka: ka tsaya haka, kada ka sake. Tunda ba ka daɗe da farawa ba, tana sa ran hannun zai sace da kansa. Cikin satin nan ka je asibiti a auna maka sukari, ka gaya wa likita abin da ka yi ba ragi. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba kan tsawon, ka roƙi a ɗauki hoton ƙashin hannunka, ka ji daga bakin wanda ya karanta abin. Ka ɗauki hoton takardar gwajin ka turo wayar Ummanka. Ba sai ka kira ni ba, na san nauyin da za ka ji. Ni ma in ka kira, bango zan kalla.

Ni ba yaro ba ne, na san Kano ta fi Kazaure kwalabe. Abin da na cire daga kularka kana iya mayar da shi kafin la'asar, ba mai ganinka. Hannuna ba ya kaiwa can. Shi ya sa ban tsaya a ɗaukewa ba, na zauna na tona kaina.

Kuma ban ɗauke don ina ganin ba za ka kai ba. Na ɗauke ne don na ga ka kai. Ranar wasan nan, da aka buga fanareti ka tashi sama kamar an harba ka da gwafa ka ture ta da yatsu, mai raken da ke kusa da ni ya ce, “Ɗan gidan wa ne wannan?” Na ce, “Oho, wani ɗan unguwarmu ne.” Sai da na zaga bayan makaranta na share ido. Dogo yana da tsawonsa tun daga gida. Kai kuma kana da tsalle, da karanta ƙafar mai bugu, su kuwa ana ƙara su da atisaye da tuwo da barci. Ka ci wake da ƙwai in ka samu, ka kwanta da wuri, ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka gaida na gaba da kai ko da ka fi shi iya kama ƙwallo.

Jiya da yamma na je tasha na zauna a bencin Sule. Yana ɗinkin safar hannunka ta ajiya, wadda za ka gani a aljihun jaka na gefe. Na gaya masa komai, na ce ina neman izininsa in faɗa maka gaskiyar ƙafar. Ya ci gaba da jan zarensa.

Ya ce, “Yanzu duk raƙumin nan da jirgin saman da na sha wahalar ƙirƙira, za ka rushe mini su?”

Na ce, “Sai da yardarka.”

Ya ce, “Gaya masa. Amma ka gaya masa daidai, kada ka rage wautata don ka ƙara taka. Ni na juya na kama turken. Ba wanda ya ɗaure ni. Ina kayar da maza a yadda nake, na ce bai isa ba.” Ya cije zaren ya miƙo mini safar. “Ka ce masa ranar da za su buga wasan farko zan zo Kano, ko a bayan motar shanu ne. Ni na ba da ƙafa ɗaya a wannan harka, ta isar mana mu duka. Nasa biyun ya kawo mini su fili lafiya.”

To ka ji. Ni ma zan zo, amma kada ka neme ni, ina wajen masu rake.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya tsare jininka da ƙashinka da jijiyarka. Ya sa hannun nan ya sace, safar ta shiga, ƙwallo ta riƙa manne masa. Ya kai ka inda ba mu kai ba, ya dawo mana da kai kana takawa da ƙafafunka. In na ɓata maka da abin da na yi wa kularka, ka yafe mini. Na fi son ka yi fushi da ni kana tsaye.

Sau ɗaya zan rubuta, kuma in ka dawo kada ka tuna mini: Allah ya yi maka albarka, Muhammadu Sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Hamisu